Aurangabad ta koma Sambhajinagar: su wa ke zaune a gundumar, wa kuma ke riƙe da akalarta?

Duk lokacin da labarin sauya sunan Aurangabad ya sake faɗowa a shafukanmu na sada zumunta, kusan magana ɗaya ake nanatawa, wai an ƙwace wa Musulmin Indiya wani garinsu. A can Indiya kuwa, masu murna da sauyin cewa suke an goge sunan azzalumi, wato Aurangzeb, sarkin daular Musulmi ta Mughal da garin ke amsa sunansa, an mayar wa masu ƙasa abinsu. Kowane ɓangare yana magana kamar gundumar gida ce mai ɗaki biyu, Hindu a wannan, Musulmi a wancan. To, haka abin yake? Su wa ke zaune a cikinta, wane harshe suke yi, kuma idan manomi ya tashi neman haƙƙinsa, ƙofar wa yake ƙwanƙwasawa? Amsar tana cikin ƙidayar jama'a da tsarin mulkin gunduma, wurare biyun da masu cacar baki ba su cika leƙawa ba.

Wace Aurangabad, me kuma aka sauya?

Gundumomi biyu ne a Indiya suka amsa wannan suna. Ɗaya tana jihar Bihar a gabas, ita ba wanda ya taɓa ta. Wadda ake magana a kanta tana Maharashtra a yammacin ƙasar, jihar da Mumbai ce babban birninta. Maharashtra na da gundumomi 36 da aka tara cikin shiyyoyi shida, kuma kalmar Aurangabad a da tana kan abu huɗu lokaci guda: birnin kansa, da ƙaramin yankin da ke kewaye da shi, da gundumar baki ɗaya, da shiyyar da ta haɗa gundumomi takwas, wadda mutanen wurin ke kira Marathwada. Shi ya sa sauyin bai zo a rana ɗaya ba.

Ranar 29 ga Yunin 2022, majalisar ministocin Uddhav Thackeray ta amince da sunan Sambhajinagar a zamanta na ƙarshe, sa'o'i kaɗan kafin ya sauka daga muƙamin Babban Minista bayan jam'iyyarsa ta Shiv Sena ta dare gida biyu. Eknath Shinde, wanda ya ɓalle ya gaje kujerar, ya ce gwamnatin da ta riga ta rasa rinjaye ba ta da hurumin yanke irin wannan shawara, don haka a watan Yuli ya sake yanke ta da hannunsa, ya ƙara Chhatrapati a gaba, laƙabin sarakunan Maratha. Gwamnatin tarayya ta amince a Fabrairun 2023, sunan birni ya sauya. Na gunduma da na shiyya suka biyo baya a Satumbar wannan shekarar. Maƙwabciyarta Osmanabad ma a tafiya guda ta koma Dharashiv. Babbar Kotun Bombay ta kori ƙararrakin masu adawa a Mayun 2024, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sa baki a watan Agusta.

Tsohon sunan dai bai mutu ba. A zaɓen 2024 mazaɓar majalisar tarayya Aurangabad aka kira ta, domin sunan mazaɓa ba ya sauyawa sai an sake shata iyakoki. Reshen Babbar Kotun da ke birnin tun farkon shekarun 1980 shi ma da tsohon sunan aka san shi. Ita kanta uwar kotun ai har yau Bombay take amsawa, alhali birnin ya koma Mumbai tun 1995.

Garin da ɗan Habasha ya kafa

Aurangzeb bai kafa birnin ba, haka ma Sambhaji, sarkin da aka ɗauko sabon sunan daga nasa. Ɗan Afirka ne ya kafa shi. An haifi Malik Ambar a ƙasar Habasha wajen 1548, aka sayar da shi bawa tun yana yaro, ya bi hannun iyayengiji ta Bagadaza har ya iso kudancin Indiya. A can ya zama waziri mai wuƙa da nama a daular Ahmadnagar, ya hana sarakunan Mughal sakat shekara da shekaru. A 1610 ya mayar da wani ƙauye mai suna Khadki hedkwatarsa. Da ya rasu a 1626, ɗansa Fateh Khan ya kira garin Fatehnagar. Sai a 1653 Aurangzeb, lokacin yana ɗan sarki mai riƙe da yankin, ya sa masa sunansa. Ke nan duk wanda ya hau yakan liƙa nasa, kuma na 2023 ba shi ne farau ba.

Sambhaji ɗa ne ga Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, kuma shi Sambhaji ne sarkinta na biyu. Sojojin Aurangzeb sun kama shi a 1689, aka azabtar da shi, aka kashe shi a Tulapur kusa da Pune, nesa da wannan gunduma. Ga ɗimbin mutanen Maharashtra gwarzo ne da ya mutu bai rusuna ba, kuma zama a garin da ke ɗauke da sunan wanda ya kashe shi abu ne da ke yi musu ciwo da gaske. Wanda ya ɗauka duk abin wasan 'yan siyasa ne bai fahimci zurfin wannan ciwo ba.

Aurangzeb ya rasu a 1707, aka binne shi a Khuldabad, tafiyar kilomita 25 ko makamancin haka daga birnin. Wanda ya je da tunanin ganin irin Taj Mahal zai sha mamaki. Kabari ne ba ƙubba, samansa ƙasa ce a buɗe, a wani lungu na harabar hubbaren Shaikh Zainuddin Shirazi, sai ɗan shingen farin dutse da aka ƙara masa daga baya. Ana cewa shi ya yi wasiyya a biya kuɗin daga abin da ya samu na ɗinkin hula. A wannan gari ɗaya kabarin Malik Ambar yake, shi kuwa da ƙubbarsa. Gangarowa kaɗan sai kogunan Ellora 34 da mabiya Buddha da Hindu da Jain suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1983 tare da na Ajanta, duk a gundumar nan. A Maris na 2025, bayan fitowar fim ɗin Chhaava kan rayuwar Sambhaji, wasu ƙungiyoyin Hindu suka nemi a tone kabarin Aurangzeb. Rikici ya ɓarke a Nagpur ranar 17 ga watan, hukumar kula da kayan tarihi kuma ta kewaye gefen kabarin da kwanon rufi.

Akwai wani zango da ke da tasiri a mulkin yau fiye da waɗannan sarakuna. Daga 1724 yankin yana hannun Nizam, sarkin da ya fara zama a Aurangabad kafin fadar ta koma Hyderabad a 1763. Turawan Ingila ba su mulki Marathwada kai tsaye ba. Talakawa suna Marathi, amma harshen fada Farisanci ne, daga baya Urdu. Sojojin Indiya suka kawo ƙarshen mulkin Nizam a Satumbar 1948. A 1956 aka yanke gundumomin masu jin Marathi daga Hyderabad aka haɗa su da jihar Bombay, ranar 1 ga Mayun 1960 kuma aka kafa Maharashtra bisa harshe. A 1981 aka cire Jalna daga jikin Aurangabad ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Marathi harshe ne, Maratha asali ne

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Marathi harshe ne, wanda ƙidayar 2011 ta ba shi masu magana kusan miliyan 83, na uku a Indiya bayan Hindi da Bengali. Maratha kuwa jati ne, wato rukunin asali da ake haihuwar mutum a cikinsa, galibinsu manoma da masu gonaki, kuma su suka daɗe suna juya siyasar jihar. Duk ɗan Maratha yana jin Marathi, amma miliyoyin masu Marathi ba Maratha ba ne: akwai Brahman, akwai makiyayan Dhangar, akwai Dalit waɗanda a da ake ƙyamar taɓawa, akwai kuma Musulmi.

Ƙidayar 2011 ta samu mutum 3,701,282 a gundumar, a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 10,100. Don a ji nauyin abin, faɗin ya kai rabin jihar Kano, yawan jama'ar kuma kusan daidai yake da abin da ƙidayar 2006 ta ba jihar Sakkwato. Saboda haka kalmar gunduma kada ta sa a yi zaton ƙasar hakimi ɗaya ce. Ta fi kama da lardi na da.

Ta fuskar harshe, kusan kashi 70 cikin 100 sun ce Marathi ne harshen uwarsu, Urdu ya samu kusan kashi 15, Hindi kusan kashi 9, saura kuma ƙananan harsuna irin na Banjara da Marwari. Ta fuskar addini, Hindu kusan kashi 69, Musulmi kashi 21 da ɗoriya, mabiya Buddha kashi 8 da ɗoriya, sai 'yan Jain da Kirista da Sikh. A ɗora lissafin biyu a kan juna: Musulmi kashi 21 ne, masu Urdu ba su kai 15 ba. Ke nan dubban ɗaruruwan Musulmin gundumar wani harshen suka rubuta, Hindi ko Marathi. Hindu kuma ba duka ke da Marathi ba, mabiya Buddha kuwa kusan dukkansu da shi suka tashi. Iyakar harshe daban, ta addini daban, kuma Musulmin ƙauye da ke Urdu a gida yana shiga kasuwar mako ya yi cinikin auduga da Marathi.

A cikin birni ne hoton ya sauya. Daga mutum 1,175,116 da aka ƙirga a ƙarƙashin hukumar birnin, Hindu kashi 51 ne, Musulmi kusan kashi 31, mabiya Buddha kashi 15. Ko a nan Musulmi ba su ne masu rinjaye ba, don haka cewa garin Musulmi ne aka ƙwace bai yi daidai da lissafi ba. Amma mutum ɗaya cikin uku ba baƙo ba ne, kuma tarihinsu a wurin ya kai ƙarni bakwai, tun zamanin da Sarki Muhammad bin Tughluq ya kwaso mutanen Delhi zuwa Daulatabad da ke kusa da birnin wajen 1327. A Aurangabad aka haifi Abul A'la Maududi a 1903, malamin da masu karatun littattafan addini a nan suka san sunansa. Su ma masu Marathi tushensu a gundumar ya yi zurfi: Paithan da ke bakin kogin Godavari tsohuwar fadar daular Satavahana ce, kuma garin Eknath ne, ɗaya daga manyan waliyyan adabin Marathi na ƙarni na 16.

Kaso na uku da ake tsallakewa

Mabiya Buddha na gundumar ba jikokin masu sassaƙa Ajanta ba ne. Dalit ne da suka bi Dakta B. R. Ambedkar lokacin da ya fita daga addinin Hindu a Nagpur ranar 14 ga Oktoban 1956. Ambedkar ya kafa kwalejin Milind a Aurangabad a 1950, ta zama mashigar 'ya'yan talakawan Marathwada zuwa ilimi mai zurfi.

Su ne suka fara sanin tsadar suna. A 1978 majalisar jihar ta amince a sa wa Jami'ar Marathwada da ke birnin sunan Ambedkar. Abin da ya biyo baya ƙone-ƙonen gidajen Dalit ne a ƙauyuka da asarar rayuka, aka jingine maganar shekara 16. Sai ranar 14 ga Janairun 1994 aka yi sulhu, aka ɗora sunansa a gaban tsohon ba tare da an goge Marathwada ba. Shiv Sena, wadda daga baya ta dage sai an sauya sunan birni, tana cikin masu adawa da wancan sauyi.

Wannan kaso na uku shi ke raba gardama a akwatin zaɓe. A 1988 Shiv Sena ta yi fice a zaɓen hukumar birnin, shugabanta Bal Thackeray ya shelanta sunan Sambhajinagar, aka daɗe ana yaƙin neman zaɓe da taken da ke tambayar mai ƙuri'a ko Khan yake so ko kibiya, Khan na nufin Musulmi, kibiya kuma alamar jam'iyyar. An gwada sauya sunan a hukumance a 1995, kotu ta dakatar, gwamnatin da ta biyo baya ta janye. A 2019 kuwa Imtiaz Jaleel na jam'iyyar AIMIM, wadda galibin magoya bayanta Musulmi ne, ya kayar da Chandrakant Khaire na Shiv Sena da ratar da ba ta kai ƙuri'a 5,000 ba. Ƙuri'ar Musulmi kaɗai ba za ta kai shi ba. Ƙawance ya yi da jam'iyyar Prakash Ambedkar, jikan Dakta Ambedkar, wani ɗan takara mai zaman kansa kuma ya raba ƙuri'ar ɗaya ɓangaren. A 2024 babu ƙawancen, kujerar ta koma hannun Sandipan Bhumre na ɓangaren Shinde.

Kwalekta, tahsildar, talathi

Wanda ke riƙe da gundumar ba zaɓaɓɓe ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne da ake kira Kwalekta, da Marathi kuma Jilhadhikari. Turawa suka ƙirƙiro muƙamin a Bengal a 1772 don karɓar harajin ƙasa, kuma dattawanmu da suka san Di'o za su gane shi nan take, kamar yadda kwamishinan shiyya da ke samansa ya yi kama da Razdan. A zamanin Nizam Awwal Talukdar ake ce masa. Bambancin shi ne mu mun rushe namu, Indiya kuwa ta riƙe nata ta ƙara masa aiki. Kwalekta ɗan rukunin manyan ma'aikatan ƙasa ne da ake kira IAS, gwamnatin jiha ke tura shi, kuma ba ya cika wuce shekara biyu ko uku a wuri. Littattafan filaye a hannunsa suke, shi ne babban majistare na gunduma, shi ne jami'in zaɓe, shi ke jagorantar ƙidaya, shi ke raba agaji idan fari ko ambaliya ta auku.

Gundumar ta kasu ƙananan yankuna tara da ake kira taluka: ta birnin, da Paithan, Gangapur, Vaijapur, Kannad, Khuldabad, Phulambri, Sillod da Soegaon. Kowace tana da tahsildar, jami'in filaye da haraji da ke ƙarƙashin Kwalekta. A ƙasan tsani kuma akwai talathi, malamin filaye mai kula da ƙauye ɗaya ko 'yan ƙauyuka. Manomi zai iya tsufa bai ga fuskar Kwalekta ba, amma ba zai shekara bai nemi talathi ba.

Dalili takarda ɗaya ce da kowa ke kira satbara. Sat bakwai ne da Marathi, bara kuma sha biyu, domin fom na 7 da fom na 12 aka haɗe. Na bakwai yana ɗauke da lambar gona da faɗinta da sunan mai ita da bashin da ke kanta. Na sha biyu yana nuna abin da aka shuka a wannan damina. A ɗauki manomin auduga a taluka ta Paithan da ruwa ya ɗauke masa ana tsakiyar fure. Banki ba zai ba shi rancen noma ba sai da satbara. Kamfanin inshorar amfanin gona ita zai duba. Diyyar fari ma sai talathi da abokan aikinsa sun zo sun rubuta rahoton ɓarna, wanda suke kira panchanama, sannan kuɗin ya bi sunan da ke kan takardar. In mahaifinsa ya rasu ba a yi ferfar ba, wato sauya suna a littafi, to gonar da yake nomawa shekara goma a idon hukuma ta mamaci ce, kuma diyyar ba za ta same shi ba. Yanzu ana iya sauke satbara ta intanet, manomi kuma yana iya shigar da abin da ya shuka ta manhajar waya, amma gyaran suna har yau sai ya bi ta teburin talathi da na jami'in da ke samansa. A shiyyar da ofishin kwamishinanta ya lissafa manoma sama da 1,000 da suka kashe kansu a 2023 kaɗai, jinkirin takarda ba ƙaramin abu ba ne.

'Yan sanda su ma kashi biyu ne, kwamishina a birni, sufeto babba a karkara.

Ina zaɓaɓɓun?

Suna nan a wani tsani na dabam. Tun 1962 Maharashtra ke da majalisar gunduma mai suna Zilla Parishad, mai kula da makarantun firamare da ƙananan asibitoci da hanyoyin karkara. A ƙasanta akwai majalisar taluka, sai ta ƙauye da shugabanta sarpanch. Rabin kujerun na mata ne bisa doka, kodayake Indiyawa da kansu suna da kalmar zolaya, sarpanch pati, mijin shugaba, ga inda matar ke da hatimi amma maigida ke yanke hukunci. Birnin yana da hukumarsa tun 1982 da magajin gari, sai dai ikon kashe kuɗi ya fi yawa a hannun kwamishinan da jiha ta naɗa. Haka ma Zilla Parishad, babban jami'inta ma'aikaci ne. Sama da su duka akwai ministan da gwamnatin jiha ke ɗora wa gundumar, palakmantri, wanda ke shugabantar kwamitin rabon kuɗin ayyuka.

A ganina, nan ne labarin da ya kamata a yi ta yayatawa yake. Wa'adin kansilolin birnin ya ƙare a Afrilun 2020. Korona ta hana zaɓe, sannan shari'ar kason kujerun da ake ware wa rukunan da aka bari a baya ta sarƙe komai bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2021. Wa'adin Zilla Parishad ya ƙare a 2022, ita ma aka miƙa ta ga ma'aikaci. Birni mai mutum fiye da miliyan ya yi sama da shekara biyar ba kansila ko ɗaya, har sai da Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 2025 a gudanar da zaɓukan. Ke nan a daidai lokacin da aka sauya sunan, babu wata zaɓaɓɓiyar majalisa a birnin da za ta ce e ko a'a. Mu da muka san kantoman riƙo a ƙananan hukumomi ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Me kowane ɓangare ke cewa, me talaka ya gani?

Masu goyon baya sun ce buƙata ce ta fiye da shekara 30, kuma dokar filaye ta jihar ta ba gwamnati ikon sauya sunan yanki. Kotu ta yarda da su a kan batun iko. Masu adawa, waɗanda yawancinsu Musulmin birnin ne amma ba su kaɗai ba, sun ce manufar ita ce goge sawun Musulmi, sun kawo batun kuɗin sauya alluna da hatimai da takardu, da ruɗar da masu yawon buɗe ido da suka san hanyar Ajanta da Ellora da tsohon suna. Wasu sun ce in dai adalcin tarihi ake nema, Malik Ambar ya fi kowa cancanta. Wannan magana ba ta samu mai ɗaukar ta a majalisa ba.

Ban ga laifin wanda ya ji zafin sauyin ba, domin Osmanabad da Ahmednagar, wadda ta koma Ahilyanagar a 2024, duk hanya ɗaya suka bi, kuma ba a ɓoye irin sunayen da ake zaɓa ba. Amma sauyin bai taɓa iyakar gunduma ba, bai rage taluka ba, bai canza wanda ya mallaki gona ko masallaci ba.

Abin da ke haɗa kowa layi ɗaya shi ne ruwa. Madatsar Jayakwadi da aka kammala a 1976 tana Paithan, kimanin kilomita 50 kudu da birnin, tana cikin mafi girma a jihar. Duk da haka unguwanni da yawa sun saba ganin ruwan famfo sau ɗaya a kwana biyar ko shida, da bazara ma ya kan wuce mako. Ranar da ya zo, komai dare, gida kan tashi a cika duro da tukwane da tankin saman rufi, wanda bai samu ba sai ya sayi na tanka. Tsofaffin bututun da ke jawo ruwan an shimfiɗa su ne don gari mai ƙarancin jama'a. An aza harsashin sabon aiki a Disambar 2020 kan rupi biliyan 16.8, kuɗin ya haura zuwa biliyan 27.4, wa'adi ya yi ta ɗagewa har reshen Babbar Kotu ya riƙa bin aikin zama bayan zama. A farin 2016 wannan kotu ce ta ba da umarnin rage ruwan da ake ba kamfanonin giya na yankin da aƙalla rabi. Malik Ambar kuwa tun a farkon ƙarni na 17 ya haƙa magudanar ƙarƙashin ƙasa daga tsaunukan arewa zuwa garinsa, wasu sassanta suna nan har yau.

Masana'antun da ke gogayya da gidaje wajen ruwan su ne kuma suka jawo jama'ar. A Waluj, gefen birnin, Bajaj ke da babbar masana'antar da ke ƙera babura da keke mai ƙafa uku tun tsakiyar shekarun 1980, yawanci don fitarwa waje. Mai Boxer ko mai A Daidaita Sahu ƙirar Bajaj a Kano ko Gusau yana da alaƙa da gundumar nan fiye da yadda yake zato. Škoda tana haɗa motoci a Shendra, a 2019 kuma aka buɗe sabon yankin masana'antu na Shendra da Bidkin. Tsakanin 2001 da 2011 jama'ar gundumar sun ƙaru da kusan kashi 28 cikin 100, kusan kashi 44 kuma a birane suke.

Lissafin da ya tsufa

Duk alƙaluman da na kawo na 2011 ne. Indiya ta saba ƙirga kanta kowace shekara goma, amma ta 2021 korona ta ɗage ta, aka yi ta ɗagewa. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu yana sakandare. Da wannan tsohon lissafi ake raba hatsin tallafi da kujerun kansiloli da girman bututun ruwa.

Wasu lambobin na 2011 ma ba su da daɗin ji. Masu iya karatu kashi 79 ne, amma maza 87, mata 70. Mata 923 ne ga kowane maza 1,000, a cikin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai kuwa 858 kacal, alamar zubar da cikin 'ya mace duk da dokar 1994 da ta haramta bayyana jinsin ɗan tayi.

Ƙidayar ba ta faɗi yawan 'yan Maratha ba, domin tun bayan 1931 ba a sake wallafa cikakken lissafin jati ba, sai na Dalit da ƙabilun daji, waɗanda a gundumar suka kai kusan kashi 15 da kashi 4. A kan wannan giɓi ake rigimar da ta fi ta suna zafi. Daga Aurangabad aka fara jerin gwanon shiru na 'yan Maratha a Agustan 2016, masu neman a ware musu kaso a aikin gwamnati da makarantu. A 2023 Manoj Jarange Patil ya shiga yajin cin abinci a wani ƙauyen Jalna yana neman a ɗauki Maratha na Marathwada a matsayin Kunbi, rukunin manoma da ke da kaso tun da. Hujjar kuwa sai an tono ta daga littattafan zamanin Nizam, wasu da Urdu, wasu da tsohon rubutun Marathi mai suna Modi da 'yan kaɗan ke iya karantawa yau. Aikin ya sake faɗowa kan ofishin Kwalekta da tahsildar, su kuma rukunan da ke cin kason tun asali suna ganin za a rage musu tuwo.

Gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ƙidaya mai zuwa za ta ɗauki 1 ga Maris 2027 a matsayin ranar lissafi, kuma za a tambayi jati. Da sakamakonta ake sa ran sake shata mazaɓu. Gundumar na da kujeru tara a majalisar jiha, shida a ƙarƙashin mazaɓar tarayya ta birnin, uku kuma, Sillod da Phulambri da Paithan, a ta Jalna. Uku daga cikin taran har zaɓen 2024 sunansu Aurangabad ta Gabas, Aurangabad ta Yamma da Aurangabad ta Tsakiya.